Littafin Turawa, na waya, ƙissa ko tatsuniya: wanne za a karanta wa yaron da abu ke damunsa?

Yaro ɗan shekara huɗu ya koma cizo da birgima tun ranar da aka yi masa ƙanwa. Yarinya 'yar aji uku kullum safiyar Litinin sai ciwon ciki, an je kemis, an je asibiti, an yi gwaji, ba a ga komai ba. Wani kuma tun da kakar da ta yaye shi ta rasu ya ƙi yarda a kashe fitila da dare. Iyayen irin waɗannan yara, in sun ji cewa akwai littattafan da aka rubuta don taimaka wa yaro ya gane abin da ke zuciyarsa, tambaya ɗaya suke yi: wanne zan saya? Sai ka ce duk kaya ɗaya ne. Alhali abin da zai yi wa mai cizo amfani ba zai tsinana wa mai makoki komai ba, wani lokacin ma abin da ya fi dacewa ba na saye ba ne, yana cikin wayarka ko a bakin goggon yaron.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa kan fara ne mutum bai wuce shekara 14 ba, kuma ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata daga cikinsu. Ba a ce duk yaron da ya yi fushi ko ya ji tsoro yana da cuta ba, yawancinsu girma ne kawai suke yi. Amma ya isa ya sa mu rage faɗin "yaro me ya sani, me zai dame shi, shi da ba ya ciyar da kowa?"

Littafin hoto daga waje

Wanda ya fi suna a wannan layi shi ne The Colour Monster na Anna Llenas, 'yar Basalona a ƙasar Sifen, wanda ya fito a 2012. A Nijar an fi samun sa da Faransanci, da sunan La couleur des émotions. Labarin bai fi a faɗe shi a numfashi biyu ba. Wani ɗan dodo ya tashi launukan jikinsa duk sun cakuɗe, bai san me ke damunsa ba, sai wata yarinya ta taimaka masa ya ware su, kowanne a kwalbarsa: rawaya murna, ja fushi, kore natsuwa, har zuwa ƙarshe. Babu wa'azi, babu wanda aka ce ya yi laifi. Aikinsa ɗaya ne, ya ba ƙaramin yaro hanyar nuna abin da bakinsa bai iya faɗa ba. Ɗan shekara huɗu ba zai ce "Umma, kishin jaririyar nan nake yi" ba. Amma in uwa ta buɗe shafin ja ta ce "Sadiku, ɗazu da ka ciji yayarka, wanne ne kai a cikin nan?", zai iya ɗora yatsa. Daga yatsan nan magana take farawa. Gidan da ake tsorata yara da dodo in sun ƙi barci, sai a sake wa wannan suna tun daga shafin farko, a ce ɗan tsana ne, don kada littafin lallashi ya zama na firgitarwa.

Wanda ya ɗan girma, kamar shekara biyar zuwa takwas, Ruby's Worry na Tom Percival, da aka buga a Ingila a 2018, ya fi kama shi. Ruby yarinya ce baƙar fata mai walwala, wata rana sai ta ga wani ɗan dunƙule rawaya yana bin ta, ita ce damuwarta. Ta yi kamar ba ta gan shi ba, shi kuwa sai girma yake yi, kuma ba mai ganin sa sai ita. Ranar da ta tarar da wani yaro zaune da nasa dunƙulen ta tambaye shi me ke damunsa, yana faɗa yana raguwa, ita ma ta faɗi nata. Na fi son wannan a kan yawancin takwarorinsa don bai yi wa yaro alkawarin ƙarya ba: ya nuna damuwa za ta riƙa dawowa, sai dai yanzu an san yadda ake yi da ita.

A nan littattafan waje suka fi kowa. An zauna an yi su ne don wannan aikin takamaimai, kowanne da abin da ya sa a gaba, kuma masu zanen sun san labarin zuciya a tambayi fuska, shi ya sa suke yin fuskoki manya da yaro zai karanta kafin ya iya karanta baƙi.

Aibinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Na farko kuɗi, don da fam ko dala aka yi musu farashi, kafin su iso kantin littattafai a Abuja ko Kano sun zama kuɗin cefanen kwanaki, ga shafi talatin da 'yan kai. Masu sayar da littattafan gwanjo a Sabon Gari da bakin titi sukan rage zafi, sai dai abin da ka tarar shi za ka ɗauka, kuma ka duba shafukan ƙarshe kafin ka biya, don littafin damuwa da aka yage ƙarshensa damuwar kawai ya bari. Na biyu, duniyar da ke cikin hotunan ba tamu ba ce. Yaro da ɗakinsa shi kaɗai, kare a kan gado, uwa ɗaya, uba ɗaya, 'ya'ya biyu. Ba kishiyar uwa, ba 'yan uba, ba yaron da aka ba gwaggo riƙo, ba malamin allo da dorina, alhali nan ne damuwar yaranmu da yawa take fitowa. A wasu ma, musamman na Amurka, za ka ga yaro ya tsaya gaban uwarsa yana ɗaga mata murya, marubucin bai ga komai a ciki ba. Ka karanta kai kaɗai tukuna kafin ka zaunar da yaro. Na uku shi ne harshe. In yaron bai saki jiki da Turanci ba, kana fara karantawa abin zai koma darasin Turanci, shi yana kokawa da kalma, kai kana gyara masa furuci, maganar zuciya ta bi iska. Littafin waje rigar kanti ce, sai an kai wa tela ya rage: ka rufe rubutun, ka ba da labarin da Hausa daga hotunan, Ruby ta zama Rabi, filin wasan ya zama ƙofar gida.

Mai aikin fensir

Akwai wani iri da ake cakuɗa shi da na sama alhali ba tafiyarsu ɗaya ba. Ba labari ba ne, littafin aiki ne: a karanta shafi, yaro ya zana ko ya rubuta, a gwada abin da aka ce, gobe a dawo. Misalin da aka fi sani shi ne What to Do When You Worry Too Much na Dawn Huebner, masaniyar halayyar ɗan'adam 'yar Amurka, wanda ya fito a 2005 don 'yan shekara 6 zuwa 12. An gina shi a kan hanyar jinyar da masana suke bi ta sauya yadda mutum ke tunani da yadda yake aikatawa. Ta kwatanta damuwa da shukar tumatir, gwargwadon ban-ruwan da ka yi mata gwargwadon yaɗonta. Cikin dabarunta akwai ware wa damuwa lokacinta, kamar minti goma sha biyar a rana, wanda babba zai zauna ya saurari yaro ba tare da katse shi ba. In damuwar ta taso a wani lokaci daban, sai a ce a ajiye ta sai lokacinta ya yi.

Wannan dabara ko ba ka sayi littafin ba za ka iya ɗaukar ta. Yarinya ta zo uwa tana tuƙa tuwo: "Umma, in na faɗi jarrabawa fa?" Maimakon a ce "ke dai kin cika tsoro," ko a shiga lallashi karo na goma a yinin, sai a ce "Wannan ta bayan la'asar ce, Ummi, riƙe mini ita." Bayan la'asar kuma a cika alkawari, a shimfiɗa tabarma, a ajiye waya. Sau da yawa kafin lokacin ya yi rabin abin ya huce da kansa, ita ma yarinyar ta gani da idonta cewa damuwa tana iya jira.

Ga mai ciwon cikin Litinin, wannan ya fi littafin hoto nesa ba kusa ba, don shi na hoto suna kawai yake raɗa wa abin, wannan kuwa yana koya yadda za a yi da shi. Sai dai yana bukatar babba mai jin Turanci sosai, mai haƙurin makonni, kuma in aka miƙa wa yaro aka ce "je ka cike shafi uku kafin in dawo" ya zama wani aikin gida, yaro ya tsane shi.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Irin wannan littafi ya ɗauka cewa tsoron yaron ya fi abin tsoron girma. To in ba haka ba ne fa? In ranar Litinin ce ake zane duk wanda bai kawo hadda ba, ko wani babban yaro yana ƙwace mata kuɗin tara, ko, Allah ya kiyaye, wani babba yana taɓa ta inda bai kamata ba, koya mata ta daina kula tsoronta zalunci ne a kan zalunci. Kafin a ɗauko fensir, a je makarantar, a bi hanyar da take bi, a tambayi wa ke raka ta.

Na kyauta a waya

Wanda tsadar littafin waje ta kora, akwai rumbuna a intanet da ba a biyan ko sisi. African Storybook, da ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, yana da labarai cikin harsunan Afirka masu yawa har da Hausa, an jera su mataki-mataki daga na mai koyon haɗa baƙi zuwa na wanda ya iya karatu. StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, da aka buɗe a 2015, shi ma yana da Hausa. Book Dash kuma, wata ƙungiyar sa-kai ce a Afirka ta Kudu inda marubuci da mai zane da mai tsara shafi suke haɗuwa su gama littafi cikin awa 12. Dukansu an yarda ka sauke, ka buga, ka fassara. Yaran da ke cikin hotunan sun yi kama da namu, akwai kaka, akwai awaki, akwai rijiya.

Sai dai yawancinsu don koyar da karatu aka yi su, maganar zuciya ratse take yi. Wanda ya shiga sashen Hausa yana neman labari a kan kishi ko mutuwa kai tsaye zai sha lalube. Fassarar ma hannu-hannu ce: wata ta yi daɗi, wata ka ji Turancin yana leƙowa ta ƙarƙashinta, wata an rubuta ta ba ƙugiya, ƙofa ta zama kofa, ɗa ya zama da. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka nema a sashen Turanci inda kaya suka fi yawa, ka zaɓi mai hotuna masu faɗin labari da kansu, ka ba da shi da bakinka. Book Dash na da waɗanda ba rubutu a cikinsu sam, hoto zalla, kuma ni a ganina waɗannan sun fi kowanne dacewa da gidan da uwa ko kaka ba ta yi boko ba, don ba abin da zai sa ta ji littafin ya fi ƙarfinta.

Waya kanta matsala ce. Ana tsakiyar labari saƙon WhatsApp ya faɗo, yaro ya tuna akwai wasa a ciki, caji ya yi ƙasa. In labarin ya karɓu, a kai shagon masu fotokwafi a buga shi, ko da baƙi da fari ne, a ba yaron fensir mai launi ya cike da kansa. Launin da ya zaɓa wa fuskar yaron cikin labarin ma wani bayani ne.

Cikin na kyauta akwai guda da ya fita daban. A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, gamayyar ƙungiyoyin agaji sama da 50, ciki har da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka fitar da My Hero is You, wanda Helen Patuck ta rubuta ta kuma zana don 'yan shekara 6 zuwa 11, bayan an ji ta bakin yara da iyaye da malamai sama da 1,700. An fassara shi zuwa harsuna fiye da 100. Maganar korona ta wuce, amma dabarun ciki ba su wuce ba: jan numfashi a hankali in tsoro ya taso, da tuno wurin da mutum yake jin ba abin da zai same shi. Su kansu masu littafin sun ce kada a bar yaro ya karanta shi kaɗai, babba ya zauna tare da shi.

Ƙissa

Yawancin gidajenmu suna da wannan tun kafin a ji sunan Ruby, kuma shi ne wanda ba wanda zai ɗaga gira in ya ga kana karanta wa yaro. Kaka ba za ta ce ana koya wa jikanta ɗabi'ar Turawa ba. Ƙananan littattafan ƙissoshin annabawa da Hausa suna nan a bakin masallatai da kasuwar Kurmi, da araha.

Kuma abin da ke ciki ba kaɗan ba ne. Suratu Yusuf daga farko zuwa ƙarshe labarin zuciya ne: 'yan uba masu hassada, yaron da aka raba da gida, uban da ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Annabi Yaƙub ya ce haƙuri mai kyau zai yi, kuma shi ɗin dai ya yi kukan, ya ce ga Allah yake kai ƙarar baƙin cikinsa. Wato haƙuri da hawaye sun zauna a zuciya ɗaya, ɗaya bai kori ɗaya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, masu tarihi shekarar baƙin ciki suke kiran ta. Yaron da aka ce masa namiji ba ya kuka yana da haƙƙin ya ji waɗannan.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik. Yaro ne ƙarami mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu. Annabi ya gan shi ransa a ɓace, ya tambayi dalili, sannan ya kira shi da alkunyarsa kamar wani babban mutum, ya ce ya Abu Umair, me ɗan tsuntsu ya yi? Shugaban al'umma guda, bai ce tsuntsu ne kawai ba, bai ce a yi masa shiru ba. Tambaya ya yi, ya bar wa yaron fili ya yi magana. Abin da littattafan waje suke cika shafi talatin suna koyarwa ke nan. Ga fushi ma akwai abin yi a aikace: in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa, ka nemi tsari daga shaiɗan. Ɗan shekara shida zai iya wannan. Gidajen Kirista masu jin Hausa su ma suna da labarin Yusufu, da Zabura mai cike da kukan mai neman taimako, da Yesu yana hawaye a kabarin Li'azaru.

Inda ƙissa ta fi littafin waje shi ne tana ba wahala ma'ana, tana kuma ba yaro wanda zai kai wa kuka in ba kowa a kusa. Inda take faɗuwa kuma, ba laifinta ba ne, laifin mai karantawa ne da na wasu masu bugawa. Ƙananan littattafan nan da yawa rubutu ne cunkus, ba hoto, harshen na manya, kowane babi ya ƙare da jerin darussa. Mu kuma mun saba mu mai da ƙissa sanda. Yaro ya buɗe baki zai ce yana kewar babansa, sai a tare shi da "ka ga Annabi Ayuba, shi da ya rasa komai ma ya yi haƙuri." An rufe masa baki da abin da ya kamata ya buɗe masa shi, ya kuma tashi da sabon nauyi, wai shi imaninsa ne da rauni. Gwada ta wata hanyar: a ba da labarin rijiyar, a tsaya, a ce "Abba, kana ganin da suka tafi suka bar shi a ciki, me ya ji?" Sai a yi shiru. Amsar da zai bayar ba ta Annabi Yusuf kaɗai ba ce.

Tatsuniya

Ita tana da abin da duk sauran ba su da shi: duhu, jikin kaka, da 'yan'uwa a kewaye. Kuma tana shiga inda littafin waje bai san da shi ba. 'Yar bora da aka tura wanki ruwan Bagaja, marainiya a hannun kishiyar uwa, Gizo da haɗamarsa, duk yaron gidan yawa ya san waɗannan mutane ko da da wasu sunaye. Da an ce "ga ta nan, ga ta nanku" yaro ya san an shiga duniyar da ba gaske ba, zai iya jin tsoro ya ƙoshi, da an ce "ƙurunƙus" ya fito lafiya. Wanda ya manta su, akwai tarin da marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya yi a Tatsuniyoyi da Wasanni.

Amma tatsuniya ba ta cika tsayawa a kan me jarumar ta ji ba, abin da ya faru kawai take bi, ta ƙare da sakayya: mai haƙuri ta samu dukiya, 'yar mowa ta kwaso kutare da makafi. Yarinyar da ake cuta a gida za ta iya fita da darasin cewa ta yi shiru, wata rana Allah zai saka mata, alhali abin da muke so shi ne ta faɗa wa wani yau. A gidan kishiyoyi kuma a kula, kada tatsuniyar bora da mowa ta zama habaici. Ga yaron da ke firgita cikin barci, a ɗaga masa ƙafa da na dodanni da mayu na ɗan lokaci.

In mutuwa ce

A nan zaɓin ya fi wuya, don kowane ɓangare yana da rabin abin da ake bukata. The Invisible String na Patrice Karst, na shekarar 2000, labarin wasu tagwaye ne da tsawa ta firgita, uwarsu ta ce musu akwai wani zare da ba a gani da ya haɗa zuciyar mutum da ta duk wanda yake ƙauna, komai nisa. Ya yi kyau ga yaron da babansa ya tafi ci-rani Legas ko Agadas, ko wanda aka raba iyayensa, ko mai shirin tafiya makarantar kwana. Ga mutuwa kuwa ya yi laushi da yawa shi kaɗai, kuma abin da ya ce game da lahira sai ka daidaita shi da aƙidar gidanka. Michael Rosen's Sad Book, na 2004, akasinsa ne. Marubucin ya yi shi ne bayan ɗansa Eddie ya rasu da sanƙarau yana ɗan shekara 18, ciwon da mu a nan muka san zafinsa duk bazara. Bai yi lallashi ba ko kaɗan, ya faɗi yadda mutum yake murmushi a fuska ciki yana kuka, da yadda wani lokacin har haushin mamacin ake ji. Ba na ƙananan yara ba ne. Na ɗan shekara tara zuwa sama ne, da uwa ko uban da shi ma yake ɗauke da nasa.

Da ni ne, ga yaron nan da kakarsa ta rasu, da ƙissa zan fara, ta Abu Umair da ta rasuwar Ibrahim, sannan in ƙara masa da gaskiya a fili. Kada a ce ta yi tafiya, zai riƙa leƙen ƙofa. Kada a ce barci take yi, shi ya sa ma wasu suke tsoron rufe ido. A ce ta rasu, jikinta ya daina aiki, ba za ta dawo ba, ba abin da ka yi ne ya jawo ba, muna yi mata addu'a. Sai a bar masa fitilar.

Mai cizon nan kuwa, littafin launuka ko wani mai hoto zalla daga waya ya ishe shi, da Hausa, a cinyar uwarsa, a lokacin da jaririyar take hannun wani. Wanda kuɗinsa na littafi ɗaya ne tak, ya duba shekarun yaron: ƙasa da bakwai ya sayi na hoto, sama da haka in damuwa ce ta yi katutu ya sayi na fensir, sauran duk kyauta ne.

Inda littafi ya tsaya

Akwai yaran da suka ga abin da ba a rubuta wa littafin hoto ba. Waɗanda aka koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina, waɗanda suka girma a sansanonin Maiduguri da Diffa, wanda aka shigo gidansu da dare aka tafi da babansa. Ga irin waɗannan, labari mai kama da abin da ya same su yana iya tayar da ciwon maimakon kwantar da shi, don haka a zaɓi mai sanyi, kuma kada a matsa wa yaro sai ya faɗi abin da ya gani.

Alamun da ke cewa an wuce gaban littafi ba a ɓoye suke ba: yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko ya ɗauke magana, ko ya ƙi abinci yana ramewa, ko ya daina wasan da yake so, ko mugun mafarki kusan kullum, abin kuma ya ɗauki makonni ba ya raguwa. In ya ji wa kansa ciwo da gangan, ko ya ce gara ya mutu, ba a jira ko kwana ɗaya. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, a haɗa su, kada ɗaya ya jinkirta ɗaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga sashen da ke kula da wannan a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Wanda sunan wurin yake yi masa nauyi saboda bakin mutane, ya fara da likitan yara a babban asibitin da ke kusa ya nemi a tura shi gaba. A tafi da bayanin lokacin da abin ya fara da abin da ya faru a gida ko makaranta dab da lokacin, in kuma yaron ya yi zane-zane a bayan littafinsa, a ɗauka a tafi da su, likita zai so ya gani.